Ranar da Baba Tanko Ya Saki Igiya

Ku da kuke zaune nan kuna cewa haƙar rijiya ai rami ne kawai, a yi ta tono har ruwa ya fito, ban ga laifinku ba. Kun taso kun tarar mota mai inji tana zuwa ta yi ƙugi kwana biyu, a kafa fanfo, ku tuƙa ku sha. To ni Haruna shekara talatin na yi ina shiga ƙasa, daga Kankara zuwa Faskari har Sabuwa, kuma ina gaya maku wanda ke sama riƙe da igiya shi ne babba a aikin nan. Sai da na kusa barin duniya na yarda da haka, don ni taurin kai gare ni tun ina yaro.

Rijiyar farko da aka haƙa a gabana a Yargoje ne, ina da kamar shekara goma sha biyar. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Tanko, ya ce ga shi nan, gona ba ta zaunar da shi, ko rami zai zaunar da shi. Baba Tanko mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, maganarsa ba ta da yawa. A lokacin shi ke shiga ƙasa, ƙanin babansa kuma ke riƙe mashi igiya. Shekara huɗu na yi ina jan guga ina zubar da ƙasa, bai bar ni na taka ramin da ya wuce tsayina ba. In na yi gunaguni sai ya ce in je in damƙo ƙasar da na zubar in gaya mashi gaba nawa ya rage a kai ruwa. In na faɗa ba daidai ba, ya yi dariya ya koma aikinsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Diga mai gajeriyar ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a cikin rami. Dagi na fasa marmara. Gugar fata ta fitar da ƙasa. Gungume da ake gittawa a bakin rijiya, da igiya biyu, ɗaya ta guga, ɗaya ta ƙugun mutum. Kana gangarawa kana sassaƙa ramukan taka ƙafa a bango, hagu da dama. Sai fitilar aci-balbal, wadda ita ce ranka. Wurinta ɗaya ne, a ƙasa kusa da ƙafarka, domin muguwar iskar rijiya a ƙasa take kwanciya, ba ta da wari, ba ka ganinta. Da ka ga harshen wutar ya ƙanƙance, ka ja igiyar ƙugu sau uku a fid da kai. Daga nan a ɗaure damin ɗanyen ganye a yi ta zura shi ana jawowa, har iskar ta sauya. Na sama shi ma yana leƙen hasken nan lokaci lokaci. Wannan ita ce dokar farko da Baba Tanko ya koya mani, kuma ita ce na karya.

Akwai doka ta biyu, ta gidansu. In furfura ta fara cin gemun mai tono, to ya gama da ƙasa, ya hau sama ya karɓi igiya, na bayansa ya shiga. Haka na ga an yi. Da ƙanin babansa ya rasu, Baba Tanko ya hau sama ba gardama, ni na gaji ƙasa. Shekara ashirin da wani abu muna haka, shi a sama, ni a ƙasa. Wallahi ban taɓa shiga rami da tsoro ba in dai shi ke riƙe da ni.

Rijiyar da ba na mantawa a shekarar fari ita ce ta wani ƙauye yamma da Faskari. Shekarar ce aka sauya kuɗi, aka bar fam aka koma naira. Damina ta zo ta tafi kamar ba ta zo ba, rijiyoyin da kakanni suka haƙa suka ƙafe, muka wuni muna yasa muna fito da busasshen taɓo. A ƙauyen nan Baba Tanko ya zagaya ya duba ɓaure, ya duba shuri, ya duba inda ciyawa ta rage kore, ya ce a nan. Kwana arba'in muna tono. A gaba goma sha uku dagina ya doki baƙin dutse, sai tartsatsin wuta. Mutanen gari suka fara cewa wurin yana da masu shi, a yanka baƙin bunsuru. Wani mai haƙa da ya samu wannan mafita da gudu zai kama ta. Baba Tanko ya tsaya a gaban dattawa ya ce ba aljani ba kowa, shi ne ya karanta ƙasa ba daidai ba, su bar bunsurunsu. Muka matsa gangare muka sake sabon rami, a kwana na goma sha tara muka samu ruwa. Tun daga ranar, ko mai gari ne yana zaune, in Baba Tanko ya iso sai ya miƙe.

Bayan fari sai ga kuɗi. Ku ba ku ga wannan zamani ba. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa ya haukace. Rufin kwano yana walƙiya a ƙauyen da bai taɓa ganinsa ba, rediyo a kafaɗa, babur a zaure. Duk Alhajin da ya sayar da auduga yana son rijiya a cikin gidansa, a jera mata zoben siminti, matansa su daina fita. Aiki ya yi mamu yawa har muna gudunsa. Aka kawo igiyar roba, mai kyau mai sheƙi, na saya na kawo wa Baba Tanko ina murna. Ya ja ta, ya sake ja, ya mayar mani. Ya ce tana miƙewa, in mutum ya motsa a ƙasa ba ta kawo labari sama. Muka ci gaba da igiyar rama da yake tufkawa da hannunsa.

Amma kuɗin nan ya kwashe mamu samari. Wa zai shiga rami ya sha duhu, alhali a Kaduna ana neman lebura ana biya duk mako? Waɗanda muka koya wa aiki ɗaya bayan ɗaya suka hau mota. Mutum ɗaya ya rage, Isuhu, magidanci ɗan shekara talatin mai 'ya'ya uku. Shi ma ya je Kaduna ya ɗauki bulo shekara guda, ya dawo don ba mai noma wa tsohuwarsa. Isuhu ya iya aiki, ba zan ɓoye ba. Ni dai nake cewa bai isa ba. Ina barinsa ya tona gaba huɗu ko biyar na sama, in an zo inda ake yabon mutum sai in ce ya fito. Alhali gemuna ya yi fari tun tuni, ina da shekara arba'in da shida, kullum sai na je wurin wanzami ya kwashe shi tas don kada a gani. In na fito daga rami sai in zaga bayan gida kamar zan kama ruwa, in jingina da katanga in yi ta haki har ƙirjina ya lafa. Tsoro nake ji. Ban iya noma ba, ban iya kasuwa ba, kuma igiya tana da mai ita. In na bar ƙasa ban san ko ni wane ne ba.

Ana cikin haka Baba Nomau ya aiko. Shi ne babban wata unguwar Maguzawa bayan Ruwan Godiya, manoma na gaske, rumbunansu sun fi ɗakunansu yawa. Ruwa ne ba su da shi. Matansu tun asuba suke fita da tuluna zuwa rafi, su tona yashi su jira ya taru, sai hantsi su dawo. Masu haƙa biyu sun gwada kafin mu, sun tsaya a hanya. A wajenmu kuwa al'ada ce, wanda ya fasa idon ruwa shi ke cika ƙoƙo ya fito da shi ya miƙa wa tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, kuma da sunansa ake kiran rijiyar har abada. Ina da rijiyoyi da sunana sun fi ashirin, amma na ƙwallafa rai a wannan. A raina na ce ita za ta nuna wa kowa Haruna bai ƙare ba.

Ƙasar wurin ta ba mu wuya. Jar ƙasa gaba uku, marmara gaba huɗu wadda sai da dagi, sannan farar laka mai santsi. Mun shiga mako na shida muna gaba goma sha biyu. A makon nan sau biyu aka fid da ni saboda iska, kuma na lura da yadda Baba Tanko yake kallona in na fito, ya kalle ni ya kalli Isuhu. Ranar Laraba da hantsi na shiga. Sara uku na yi na ji ƙasar tana manne wa diga. Na damƙo na shinshina, ƙamshin ruwan farko. Na san in ba yau ba, gobe.

Sai na dubi fitila. Harshenta ya koma kamar ƙwayar dawa.

Na san abin da ya kamata in yi, shekara talatin ina yinsa. Amma na lissafa: in na ja igiya, wannan na uku ke nan a mako guda. Za a wuni ana kaɗa ganye, gobe kuma Baba Tanko zai ce in huta Isuhu ya shiga, ƙoƙon farko ya zama nasa. Sai na ɗauki fitilar na miƙa hannu na ajiye ta a ramin taka ƙafa, sama da kaina, inda iska ke da sauƙi. Wutar ta tashi tsaye. Duk wanda ya leƙo daga sama zai ga haske lafiya lau. Na sunkuya na ci gaba da sara. Ku duba wauta, mutum da 'ya'ya bakwai a gida.

Abin da nake iya tunawa, kunnena ya fara ƙara, diga ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Na ce bari in ɗan zauna. Wani barci mai daɗi ya zo mani, irin na bayan an ci tuwo an ƙoshi. Sai na ji igiya ta shaƙe ƙuguna, ƙafafuna sun bar ƙasa. Ni ban ja ta ba. Har na yi ƙoƙarin riƙe bango ina cewa su sake ni, amma hannuna ba ƙarfi. Ashe Baba Tanko ne ya kira Isuhu da maza uku daga cikin masu gida ya ce su ja, kada su saurari abin da zan ce.

Na farfaɗo a gindin ɗorawa, jikina sharkaf. Ruwan da matan nan suka ɗauko tun asuba daga rafi, shi suka juye mani, tulu biyu cur. Unguwar duk ta taru a kaina. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na gwammace da an bar ni a ramin. Daga inda nake kwance ina hango Baba Tanko a bakin rijiya, ya juya wa mutane baya. Ya kunna wata fitila ya ɗaura a zare ya zura a hankali. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya jawo ta a mace, alhali tawa tana can tana ci a bango. Isuhu ya gani, ni ma na gani. Na rufe ido ina jiran ya tona mani asiri a gaban mata da yara, don abin da na yi ya isa a kore ni daga sana'a, kuma labari zai riga ni isa kasuwar Faskari.

Ya kwance igiyar ƙugu daga gungume, ya naɗe ta a gwiwar hannu kamar yadda ya saba, ya taho inda muke. Ya gaishe da Baba Nomau, sannan ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Baba Nomau, ku yi haƙuri, laifina ne. Idona ya mutu, ba ni ganin fitila daga sama, na bar mutum a cikin muguwar iska har ya kusa tahiya. Tsufa ya zo. Daga yau Haruna ke riƙe igiya, Isuhu ya shiga ƙasa."

Ya sunkuya ya ajiye igiyar a cinyata. Mutane suka yi ta yi mashi sannu, suna cewa ai tsufa ba laifi ba ne, Allah ya kiyaye gaba. Ni kuwa na san idon nan. Da safen nan a gabana ya cire wa kansa ƙaya a tafin ƙafa da tsinin allura, ko runtse ido bai yi ba. Na buɗe baki zan yi magana, ya dube ni irin kallon da yake yi mani ina yaro in na taɓa dagi ba izini. Na riƙe igiyar.

Muka wuni muna kaɗa ganye. Washegari na ɗaura wa Isuhu igiya da hannuna, na duba ƙullin sau uku, na ce mashi fitila a ƙasa kusa da ƙafa. Ya ce to, Malam Haruna, bai ko ɗaga ido ya dube ni ba, Allah ya saka mashi. Na zauna a bakin rijiya na naɗa igiya a hannu. A nan na gane abin da ban sani ba shekara talatin. Igiyar ramar nan tana kawo komai. In ya sunkuya ina ji, in ya miƙe ina ji. Ramin kuma yana ɗauko ƙarar diga ya kawo ta kunne tar. Ban ankara ba sai na ji ina ƙirgawa. Sara ashirin da biyar, ya tsaya ya ja numfashi. Ashirin da biyar, ya tsaya.  Ashe duk askin gemu da zagawa bayan gida da nake yi, mutumin da ke sama yana jin ƙirjina kamar ya ɗora kunne a kai.

Kafin azahar Isuhu ya yi kira daga ƙasa, ruwa ya ɓalle. Ya fito da ƙoƙo a hannu ɗaya, jikinsa duk laka, ya durƙusa gaban Inna Lami, mahaifiyar Baba Nomau, tsohuwar da ta shekara sittin tana ɗaukar tulu. Ta kurɓa, ta zuba ragowar a ƙasa, mata suka ɗauki guɗa. Har yau in kun je wurin, rijiyar Isuhu ake ce mata. Ya yi mani ciwo, ba zan yi maku ƙarya ba. Amma da muka zo tafiya Baba Nomau ya riƙe hannuna ya ce da ni Sarkin Igiya, kuma daga ranar ni ake aiko wa in ana son rijiya, ni ke zagayawa in ce a nan.

Baba Tanko bai sake zuwa bakin rijiya ba. Tunda ya ce idonsa ya mutu, sai ya riƙe maganarsa. Ya koma Yargoje ya zauna a zaurensa yana tufkar igiya ana kai mashi kasuwa. Mutumin da masu gari ke miƙe wa, ya koma mai sayar da igiyar ɗaure akuya. In baƙi sun shigo har lalube yake ɗan yi, don kada maganar ta tashi.

Da kaka ta yi na ɗauki dawa da goro na je gaishe shi. Na same shi da rana ya miƙe ƙafa, ya maƙale rama a babban yatsa yana murzawa. Muka gaisa, muka yi maganar amfanin gona, muka yi maganar Isuhu. Sai na tambaye shi abin da ya kawo ni, na ce tun yaushe ya sani. Bai ɗago ba. Ya ce da ina saurayi sara ashirin da bakwai nake yi kafin in huta. Ya ce a rijiyar Damari ya ji na koma sha biyar. Ranar Larabar nan kuwa huɗu ya ƙirga, sannan biyu, sannan shiru.

Rijiyar Damari shekara biyu ke nan kafin ta gidan Nomau. Na ce, "Baba, shekara biyu kana ji, me ya hana ka faɗa mani?"

Ya daina murza ramar. 

"Igiya ɗaya ce, Haruna. In na hawo da kai sama, ni ina za ni? Kullum sai in ce bari a gama wannan rijiya. In an gama in ce bari a ƙara ɗaya. Kai kana ɓoye fitila a ƙasa, ni ina ɓoye lissafi a sama. Saura kaɗan in kashe ka. Abin da na gaya wa mutanen nan cewa laifina ne, shi kaɗai ne ba ƙarya ba. Ka yafe mani."

Ni da na zo neman gafara, sai ga dattijo yana neman tawa. Hawaye kawai nake yi, ƙato da ni. Ya miƙo mani bakin ramar ya ce in riƙe mashi, muka ƙarasa igiyar tare.

Shekara goma sha shida na riƙe wa Isuhu igiya, ban taɓa rasa mutum a rami ba, alhamdu lillahi. Wata rana muna aiki a wani gida kusa da Sabuwa, na ji saransa ya sauka daga ashirin da biyar zuwa sha takwas. Na sake ƙirgawa don kada in zalunce shi. Sha takwas. Zuciyata ta ce bari a gama wannan rijiya, da muryar da na sani sarai. Da ya fito cin abinci na naɗe igiyar na ajiye mashi a cinya, na ce wa masu gida kafaɗata ta ƙi, daga yau Isuhu ke riƙe igiya, yaron da muke koya wa aiki ya shiga ƙasa. Isuhu ya dube ni, na dube shi, bai tambaya ba.

Shi ya sa kuka taso kuka gan ni a zauren nan ina tufka, kuna tsammanin sana'ata ke nan tun asali. Kai, miƙo mani ramar can.